Littafin Shanu a Gidan Surukai

Ni mutum ne mai jarabar ƙananan littattafai. Ba na soyayya ba, ba na labarin yaƙe-yaƙe ba. Irin 'yan siraran nan nake nufi, waɗanda ake rubutawa da Hausa a kan yadda za ka tace ruwan sha, da yadda ake haɗa takin gida, da dalilin da ya sa gona ke gajiya, da yadda za ka kiwata tumaki su yi ƙiba ba tare da sun cinye ka ba. Akwai wani dattijo da ke baza su a tabarma ranar Juma'a a Dutse, tsakanin mai turare da mai carbi. Da ya hango ni sai ya hau gyara musu zama, don ya san kasuwa ta zo.

Matata ba ta taɓa hana ni saye ba, amma ba ta taɓa raga mini ba. In na buɗe baki na ce "ai an ce", kafin in rufe ta ƙarasa mini da "a littafi". Kuma tana da hujja. Shekarar da muka tare a unguwar Limawa na haƙa ramin taki a bayan ɗaki yadda wani littafi ya zana, na zuba ɓawon albasa da kashin kaji da toka da ruwan wanke-wanke. Marubucin ya ce in an yi daidai ba ya wari. To ko dai ban yi daidai ba, ko shi ne hancinsa ba ya aiki, domin sai da maƙwabcinmu ya aiko a tambaya ko akuya ce ta mutu mana. Takin dai ya yi. Zogalen da na dasa da shi har yau muna ci, kuma maƙwabcin nan shi ne kan gaba wajen aikowa a tsinko masa.

Ni ɗan manoma ne daga wajen Ringim, aikin gwamnati ya kawo ni Dutse. Dangin matata kuwa Fulani ne na wani ƙauye gaba da Kiyawa. Sun daɗe da zama wuri ɗaya suna noma, amma har yanzu shanu ne zancensu na safe da na yamma. Mahaifinta, wanda nake kira Baffa, yana son in je masa da littafi in karanta. Ba yarda ya yi da su ba, daɗin musu yake ji. In na karanta wani abu a kan kaska ko ciwon huhun shanu, sai ya gyaɗa kai ya ce mai rubutun ya yi ƙoƙari, amma da gani bai taɓa bin saniya daji ba.

Da cikin matata na fari ya tsufa aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda aka saba. Na so ta haihu kusa da ni, amma haihuwar fari ta iyaye ce, miji ɗan kallo ne. Abin da na samu kawai shi ne alkawarin cewa da naƙuda ta taso za a kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Naƙudar ba ta jira kowa ba. Wata safiya cikin damina, kafin mai keke mai ƙafa uku da aka kira ya gama ratso taɓo ya iso ƙofar gida, ta haihu a ɗaki, mace.

Wadda ta karɓi haihuwar ita ce Goggo, yayar Baffa. Duk gidan a tafin hannunta yake. Ta tsufa a cikin shanu, ta yi tatsa, ta kai nono da man shanu kasuwa har ƙafa ta ƙi, kuma ita ke tsayawa a kan wankan jegon duk 'yar gidan da ta haihu. Ba mafaɗaciya ba ce, ko murya ba ta ɗagawa. Kallo ɗaya take yi maka ka ji kamar ka shiga masallaci da takalmi. A wurina ta fi surukar tawa nauyi. In zan gaishe ta, daga bakin danga nake tsugunawa.

Washegari da hantsi matata ta kira ni, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce an gwada nononta ya faɗi. Na san al'adar, don mu ma a gidanmu ana yi. Ana tatso kaɗan a ludayi, a kamo kiyashi a jefa ciki. In ya fita da ransa, nono lafiyayye ne. In ya mutu, an ce nonon da cuta, sai a hana jariri, a ba uwar jiƙo ta yi ta sha, a riƙa tatse na farkon nan mai kauri, wato dakashi, ana zubarwa har ya wanke. Kiyashin matata ya mutu a ludayi. Goggo ta ce sai an ga abin da hali ya yi, watakila har suna. Tun daga lokacin ana ɗura wa yarinyar ruwan dabino da madarar saniya da aka sirka da ruwan rijiya, da cokali.

Na ce ta faki ido ta ba ta mana. Ta ce ta ina? Yarinyar tana hannun Goggo, a wurinta take kwana. Ga shi 'yar fari ce, uwa ba ta nuna ta damu da ita, ko ɗaukarta a gaban manya ba ta yi, balle ta buɗe baki ta ce a miƙo mata. Ta ce ƙirjinta ya cika ya yi tauri, har zazzaɓi take ji. Sannan ta ce yarinyar ta fara dawo da madarar, kukanta kuma ya sirance. A nan muryarta ta karye, ta kashe wayar.

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni. Ina da littafi a kan lafiyar uwa da jariri, na karanta shi har shafukansa suka yi laushi tun cikin yana ƙarami. Ya ce wannan dakashin da ake zubarwa shi ne rigakafin farko da ɗa ke samu a duniya. Ya ce cikin jariri bai iya da madarar dabba ba, ruwan da ba a tafasa ba kuma yana kawo gudawa, gudawa kuwa ba ta da wuyar tafiya da jaririn da bai ƙosa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gwajin kansa. Dakashi abu ne mai kauri da danƙo, wane kiyashi ne zai faɗa ciki ya fita? Ko ni aka jefa a tukunyarsa ban ce zan fito ba.

Na kira yayata a Ringim ko za ta sa baki. Ta yi dariya ta ce ni ma kiyashina mutuwa ya yi, ga ni nan da raina ina damun mutane da littafi. Na so in tambaye ta ƙannenmu biyu da ba su kai suna ba, amma na haɗiye, don ban san abin da ya tafi da su ba, ita ma ba ta sani ba. Ta ƙara da cewa in kama kaina, kar in je gidan surukai in zubar mana da mutunci.

Gaba kura, baya siyaki. Ina iya zuwa in ɗauko ma'aikaciyar jinya in kai ta har ɗakin, amma wannan marin Goggo ne a gaban 'ya'yanta da jikokinta, kuma marin da ba ya gogewa. Ina iya yin shiru, in ya so in jira abin da zai biyo baya. Na yanke a raina cewa zan je in gwada ta lalama. In la'asar ta yi ba a ba yarinyar nono ba, zan ɗauko ma'aikaciyar, a yi ta kirana surukin da ba shi da kunya har in mutu.

Uban fari ba ya rawar ƙafa zuwa gidan surukai, abokai yake turawa. Saboda haka na nemi dalili. Na ɗaure itacen wanka a bayan babur, na ɗora gero da kayan yaji, wai su na kawo. Na sa littafin uwa da jariri a jaka. Akwai wani littafin kiwon shanu da ya riga ya kwana a ciki, wanda na yi wa Baffa alkawari tun kafin haihuwa. Hanyar daga Kiyawa zuwa ƙauyen duk kwatami ce, gero ya yi kore shar hagu da dama, amma ban ce na gan shi ba.

Na tarar da Baffa a gindin tsamiyar da ke jikin danga. Bayan dangar nan ne sashen mata, hayaƙin ruwan wanka yana tasowa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo: ya damina, ya shanu, ya aiki, ya mutanen Dutse. Can ya kalli garke ya ce an samu ƙaruwa, Allah ya raya. Na kalli ƙasa na ce amin. Iyakar abin da ya halatta mu ce ke nan. A lokacin ne na fara jin kukan yarinyar daga ciki, ɗan siriri, yana yi yana tsayawa kamar mai hutawa. Ban taɓa ganinta ba, amma kukan ya shiga jikina.

Baffa ya ce me littafi ya zo da shi yau. Na sa hannu a jaka na taɓo na uwa da jariri, sai na tuna hoton da ke bangonsa: mace zaune tana shayarwa. Hannuna ya ƙi fitowa. Ko da wuƙa a wuyana ba zan iya ajiye hoton nan a gaban mahaifin matata ba, balle in karanta abin da ke ciki. Duk jarumtar da na ɗauro daga Dutse ta zube a gindin tsamiya. Sai na zaro na shanu, don kawai kar hannuna ya fito wayam.

Ina buɗewa ina juya shafi ba tare da na san abin da nake nema ba, sai ga babin ɗan maraƙi. Na tsaya. Abin da ba a iya faɗa a kan mutum ai ana faɗarsa a kan saniya, babu kunya a ciki. Na gyara zama na juya fuskata wajen danga, na fara karatu da murya irin ta mai shela. Baffa ya ce shi fa ba kurma ba ne. Na ce ƙarar babur ce ta toshe mini kunne, na ci gaba.

Littafin ya ce ɗan maraƙi yana zuwa duniya ne ba shi da garkuwa ko kaɗan, garkuwarsa tana cikin dakashin uwarsa. Ya ce kaurinsa da launinsa ba cuta ba ne, su ne ma amfaninsa. Ya ce a tabbata ya sha tun da wuri, don in aka makara, madarar wata saniya ba ta maye masa gurbinsa, sai ka ga gudawa ta kama shi ya zube.

Baffa ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce wannan ne aka ɓata takarda aka rubuta? Ya ɗaga murya ta kan danga ya kira yayarsa ya ce, "Adda, kina jin abin da 'yan boko suka gano? Wai maraƙi ya sha dakashi."

Ashe Goggo tana nan dab da dangar, tana iza wutar ruwan wanka. Ta ce ai tun ba a haifi mai littafin ba suka sani. Daga nan ta shiga labarin wata jar saniya tasu da ta mutu wajen haihuwa, aka bar maraƙin a hannunta. Ta ce babu saniyar da ba ta tatsa ta ba shi ba, a ɗakinta ma yake kwana, amma bai ga kaka ba. Ta ce, "Maraƙin da bai sha dakashi ba, ba naka ba ne, aronsa aka ba ka."

 Na ɗora yatsa a kan shafin kamar mai bin layi, na ce, "Haka ya ce, Goggo. Ya ce ba saniya kaɗai ba. Duk abin da ke shayarwa, haka Allah ya halicce shi."

Wannan layin ba ya cikin littafin shanu, yana cikin wanda ke jaka. Amma dai littafi ne ya ce.

 Baffa ya daina dariya, ya miƙe ya ce bari ya dubo igiyar maruƙa, alhali maruƙan ga su nan a ɗaure muna kallon juna. An jima na ji muryar Goggo, a hankali kamar kullum, ta ce, "A kai wa baƙo fura." Ban taɓa zama baƙo a bakinta ba sai ranar. Na ce shi ke nan, hannunka mai sanda ya zama dukan sanda, na ɓata rawata da tsalle.

Aka kawo furar, na ajiye ta a gabana ban taɓa ba. Muka yi azahar da Baffa ba wanda ya kalli wani. Na dawo gindin tsamiya ina duban inuwa, ina lissafa hanyar asibiti a raina, da irin kalmomin da zan faɗa wa ma'aikaciyar. Kukan yana nan, yana yi yana tsayawa. Sai ya tsaya, bai dawo ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na shirun nan ba. Na kasa kunne ina jiran salatin mata. Ina jin kukan kaji, ina jin wata tana daka a maƙwabta, amma daga ɗakin babu motsi. Na miƙe tsaye, ban san ko ciki zan faɗa ko babur zan hau ba, sai waya ta motsa a aljihuna. Saƙon matata ne, gajere: ta kama, tana sha.

Na je na tsuguna a jikin babur kamar mai duba taya, don hawaye suka zo mini kuma ban ga wurin kai su ba. Da na dawo na ɗauki ƙwaryar furar nan na shanye tas. Baffa ya kalli ƙwaryar, ya kalle ni, ya ce a ƙaro. Har na tafi ba mu sake cewa komai ba sai zancen ruwan sama.

Daga baya matata ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Goggo ta shiga ɗakin ta zauna ta daɗe tana kallon yarinyar. Can ta ce kiyashin jiya bai yi mata ba, damina ta sa duk sun yi laushi, kuma ai mai jego ta sha jiƙo, ya kamata a sake gwaji. Ta fita da kanta zuwa bakin rumbu inda tururuwa ke jan hatsi, ta zaɓo ƙatuwa. Aka tatso a ludayi. Kafin ta jefa ta sai ta karyo tsinke a jikin tsintsiya, wai za ta cire wani datti, ta kuma mance shi a jingine cikin ludayin. Tururuwa ta faɗa, ta yi 'yan mutsu-mutsunta, ta kama tsinke ta haye abinta. Goggo ta ce alhamdulillahi, nono ya gyaru, ta ɗauki yarinyar ta ɗora wa uwarta a cinya, ta juya baya tana gyara shimfiɗa don kar mai jegon ta ji kunya.

Kashegari Goggo da kanta ta rungumi yarinyar aka tafi asibiti rigakafi. Ma'aikaciyar ta duba ta, ta ce ta ɗan yi yaushi amma tana tsotso da ƙarfi, a ci gaba da ba ta nono zalla, ko ruwa kar a ƙara mata. An ce Goggo ta gyaɗa kai ta ce su ma abin da suka gani ke nan. Da aka faɗa mini a waya, ranar na ci tuwo kamar wanda ya dawo daga noma.

Duk ƙauyen aka ɗauka cewa jiƙon Goggo ne ya wanke nono a kwana ɗaya, mata har aikowa suke yi a sam musu. Ba zan ɓoye ba, abin ya ɗan sosa mini rai. Na ce wa matata, a ce ni na ratso taɓo, ni na sha kunya, ni aka kira baƙo, amma ɓawon itace ya tafi da yabo? Ta dube ni ta ce, "Kai yabo ka je nema ko 'ya?" Ban sake tayar da zancen ba, na bar kaza cikin gashinta.

Goggo ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa yi mata ba. Ranar suna dai, da na tsuguna a bakin danga, ta amsa gaisuwata da sakin fuska, ta ce in bar wa Baffa littafin shanun nan, yana da amfani. Yarinyar kuwa tun tana rarrafe Goggo ke kiranta maraƙar malam. Yanzu tana makarantar firamare, ta fi duk ajinsu surutu, kuma ta gaji jarabata, in na dawo daga masallacin Juma'a jakata take fara lalubewa. Ta sha tambayata dalilin sunan. Nakan ce ta tambayi uwarta, uwarta ta ce ta tambaye ni.

Har yanzu ina sayen littattafan, har yanzu matata tana ƙarasa mini magana. Bara ƙanwarta ta yi haihuwar fari, matata ta je ta kwana biyu a gida. Ta ce Goggo ta ranƙwafa, idonta ya yi rauni, amma ita ce dai a kan jego. Da aka gama gyara mai haihuwa Goggo ta sa aka kawo ludayi, aka kawo tururuwa, mata suka zagaye suna kallo. Kafin ta karɓi ludayin sai da ta lalubi tsintsiya a bayan ƙofa. Matata ta ce ta lissafa 'yan gidan da suka haihu bayanta, babu wadda nononta ya sake faɗuwa.